Kafin Yaro Ya Ɗana Danƙo



A cikin Bisharar Matiyu, sura 6 aya 26, sa'ad da Ubangijinmu Yesu ya ga damuwar ci da sha ta cika zukatan masu sauraronsa, sai ya umarce su su ɗaga kai su zuba wa tsuntsaye ido, su ga wanda yake ciyar da su. Umarni ne, amma mun karanta shi mun wuce. Yaranmu kuwa, idan tsuntsu ya sauka a bisa katanga, abin da yake fara zuwa musu a rai shi ne danƙo. Ni ma da ƙuruciya na kashe kurciyoyi da yawa, ba don yunwa ba, kuma babu babban da ya ce mini, "Tsaya tukuna, duba."

Ku dubi shamuwa. Kowane manomi a ƙasar Daura, daga Zango har Sandamu, ya san cewa idan ta sauka a kan kuka ko tsamiya wajen watan Afrilu ko Mayu, lokaci ya yi da za a gyara gona. Amma yara nawa ne suka san inda ta fito? Daga kudancin Afirka take tasowa, ta yi sheƙa a tsakiyar garuruwanmu, ta ƙyanƙyashe, tana cin fara da tsutsotsin da suke ɓata amfanin gona, sa'an nan ta juya bayan ɗaukewar ruwa. Annabi Irmiya, a sura 8 aya 7, da wannan tsuntsuwa ya kunyata jama'arsa, domin ita ta san lokacinta, su kuwa sun manta da shari'ar Ubangiji.

Ga kuma abin baƙin ciki. Dattawa za su tuna yadda ungulu take cika mahauta da bakin kasuwa, tana share mana mushe kyauta. Yau sai a yi wata ba a ga ko ɗaya ba. Guba da masu farautarta don tsibbu sun kusa ƙarar da ita, har a shekarar 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da suke gab da ɓacewa. A wannan shekara ce Fafaroma Fransis ya rubuta wasiƙarsa ta Laudato Si', yana tunatar da mu cewa riƙon amana aka ba mu a kan halitta. Ungulu ta tafi a gaban idonmu, ba mu lura ba, gama ba a koya mana lura ba.

Saboda haka, iyaye, ranar Lahadi da la'asar ku fita da yaranku bayan gari ko bakin ruwa. Ba sai da madubin hangen nesa ba. Ku zauna shiru, ku nuna musu balbela a bayan shanu, da zalɓe, da cilakowa, ku gaya musu sunayensu da Hausa. A gida kuma ku ajiye kasko da ruwa a gindin bishiya, musamman a watan Maris, lokacin da tafkuna suka ƙafe, ku ɗora wa ƙaramin cikinsu aikin cika shi kowace safiya bayan addu'a.