Mu Koya Wa Yaranmu Riƙon Kuɗi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

'Yan uwa, tunatarwar wannan Juma'a a kan matasanmu take. Yaro zai baro Arewa ya zo Legas, ya shekara yana dako a Mile 12, kullum kuɗi na shiga hannunsa. Amma da Sallah ta matso sai ka gan shi a ƙofar masallaci yana neman kuɗin motar gida. Ina kuɗin suka shiga? Canjin waya, data, cacar ƙwallo, da bashin nan na waya mai kuɗin ruwa. Caca da riba kuwa kowa ya san hukuncinsu.

Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Mun koya musu nema, ba mu koya musu riƙo ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 6, Allah ya yi umarni a jarraba marayu, sai an ga sun yi hankali sannan a miƙa musu dukiyarsu. Malamai suka ce ana ba yaro kaɗan ne ya juya, ana lura da shi. To Alhaji, yaushe rabonka da zaunar da ɗanka ko yaron shagonka ya lissafa maka cinikin mako?

Mu fara da abu uku. Na ɗaya, rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Saya masa ƙaramin littafi, abin da ya shigo da wanda ya fita ya rubuta.

Na biyu, uwar kuɗi daban, riba daban. Wanda ya ci uwa ya kashe sana'a.

Na uku, ajiya. Annabi Yusuf (AS) ya sa an tanadi hatsin shekara 7 na wadata saboda shekara 7 na fari. A 2022, da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6, ai mun gani da idonmu: mai ajiya ya canza sana'a, marar ajiya ya koma gida hannu rabbana. Ko adashi ne a sa yaro, amma wurin amintacce.

Ranar Alƙiyama za a tambayi kowa ta ina ya samu dukiyarsa, kuma a ina ya kashe ta. Allah ya sa wa nemanmu albarka, ya shirya mana zuri'a. Amin.

Sakataren Masallaci