Gari Na Cin Daji: Hangen Gobe Shiga Gaibu Ne?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, in masana suka ce gari zai cinye gonakin gefensa nan da 'yan shekaru, sai ka ji wasu sun ce wannan shisshigi ne cikin gaibu. To, a lura, boka shi ke da'awar sanin ɓoye. Wanda ya ƙidaya gidajen bara da na bana, ya ga inda ginin ya nufa, aiki ya yi da hankalin da Allah Ya ba shi. Annabi Yusufu, da aka sanar da shi fari na tafe, tanadin hatsi ya yi har shekara bakwai, bai kuwa fita daga tawakkali ba.

Mu dubi Birnin Gwari. Tun 1936 aka keɓe dajin Kamuku a hannun En'e, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, jama'a suka kwararo gari, kowa na neman matsuguni. Gonar bakin gari ta zama fegi, mai ita ya sayar, ya nausa gaba ya sare sabon daji. Masu gawayi da katako na biye da shi saboda kasuwar Kaduna. Makiyayi ya tarar an toshe burtali, sai husuma.

Shari'a ba ta yi shiru ba. Malaman Malikiyya sun ce kowane gari yana da hurumi na kiwo da itace, ba mai ikon mallake shi. Manzon Allah ya keɓe Naƙi'u don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza don raƙuman zakka.

Saboda haka wajibi ne hakimai da dagatai da hukumar filaye su shata iyakar gini tun yanzu, su bar burtali da fadama yadda suke. Wanda ya sa hannu aka yanka hurumi ya ci haƙƙin jikokin da ba a haifa ba, za a kuwa tambaye shi ranar gobe.

Allah Ya sa mu dace, amin.