Adalci da Takardar Shaida

A kowace ƙasa Gwamnati ita ce babbar mai saye. Tana sayen takarda da tawada da tufafin soja, tana ba da kwangilar gina hanyoyi da makarantu da asibitoci. Wanda duk ya sami shiga cikin masu yi mata aiki ya kama hanyar arziki, shi da 'ya'yansa. Saboda haka zancen wa za a ba, wa za a hana, babban zance ne. A ƙasar Amurka an daɗe ana gardama a kansa, gardamar kuwa ta taru ne a kan wata 'yar takarda, watau takardar da Gwamnati ke ba kamfani don ta shaida cewa na mace ne, ko kuwa na wani ne daga cikin ƙabilu marasa rinjaye, kamar baƙar fata da mutanen ƙasar na asali.

Ga yadda abin ya samo tushe. An hana bauta a Amurka cikin 1865, amma baƙar fata ba su huta ba. Sun yi kusan shekara 100 bayan haka ana ware su a makarantu da unguwanni, bankuna na ƙin ba su rance, sai cikin 1964 aka yi dokar da ta haramta wariya a makarantu da wuraren aiki da wuraren jama'a. Mata kuma suna da nasu kukan. Sai cikin 1988 aka yi dokar da ta kawar da tilasta wa mace ta kawo mijinta ko wani namiji daga danginta ya sa mata hannu kafin a ba ta rancen ciniki. To, aka buɗe ƙofa, amma waɗanda aka buɗe wa suka shigo hannu banza, ba jari, ba sanayya, ba uban da ya bar musu kamfani.

Mai karatu ya ɗauki misalin kasuwa. A ce Sarkin Kasuwa ya hana mutanen wata unguwa kafa rumfa tun zamanin kakanninsu. Ran nan sai ya yi shela, ya ce daga yau kowa ya zo. Suka zo, suka tarar an kama rumfunan bakin ƙofa duka, masu saye kuma kowa ya riga ya saba da mutuminsa. Shin shelar nan kaɗai ta isa ta zama adalci?

Shugabannin Amurka da yawa sun ga ba ta isa ba. Cikin 1969 Shugaba Nixon ya kafa ofis na musamman don taimakon cinikin marasa rinjaye. Cikin 1977 wani ɗan Majalisar Dokoki baƙar fata, Parren Mitchell, ya sa aka rubuta cikin wata dokar ayyuka cewa kashi 10 cikin 100 na kuɗin a kashe shi wajen kamfanoninsu, Kotun Ƙoli kuma ta amince da wannan cikin 1980. Cikin 1994 aka ƙudura cewa mata su riƙa samun kashi 5 cikin 100 na kwangilar Gwamnatin Tarayya, ba a kuwa cim ma wannan ba sai 2015, bayan shekara 21. Wannan jinkiri ya nuna zurfin ramin da a ke son cikewa.

Da ya ke an keɓe rabo, tilas a san masu shi, nan takardar shaida ta shigo. Sharaɗinta babba shi ne mai nema ya mallaki aƙalla kashi 51 cikin 100 na kamfanin, ya zama kuma shi ke tafiyar da shi yau da kullum. Ma'aikata su kan duba takardun haraji da na banki, su ga wa ke sa hannu, wa ke ɗaukan ma'aikata, wa ke sallamarsu.

Amma fa maganar tana da wani gefe, ba kuwa daidai ba ne a rufe shi. Cikin 1989 aka ba da kwangilar wata hanya a jihar Colorado. Babban ɗan kwangila ya nemi wanda zai kafa masa shingen ƙarfe a gefen hanyar. Kamfanin Adarand, na wani farar fata, shi ya faɗi kuɗi mafi araha, amma aka ba wani kamfani mai takardar shaida, don Gwamnati na ƙara wa babban ɗan kwangila kuɗi in ya yi haka. Mai kamfanin Adarand bai taɓa mallakar bawa ba, ba shi ya rubuta dokokin wariya ba. Shi ma ƙaramin mai sana'a ne, da ma'aikata masu jiran albashi. Me ya sa bashin da ƙasa duka ta ci zai faɗa kansa shi kaɗai? Ya kai ƙara, cikin 1995 Kotun Ƙoli ta ce duk inda Gwamnati ta bambanta mutane bisa launi, ko da niyyarta alheri ce, sai an bincika hujjarta bincike mai tsanani.

Kafin wannan an yi shari'ar birnin Richmond na jihar Virginia. Rabin mutanen birnin baƙar fata ne, amma cikin shekara biyar abin da kamfanonin marasa rinjaye suka samu na kwangilar gine-gine bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Cikin 1983 majalisar birnin ta keɓe musu kashi 30. Cikin 1989 Kotun Ƙoli ta soke wannan. Mai shari'a Sandra Day O'Connor, mace ta fari da ta zauna a wannan kotu, ita ta rubuta hukuncin. Ta ce birnin bai nuna ainihin zaluncin da aka yi cikin sana'ar gini a can ba, har ma ya lissafta mutanen Eskimo cikin masu rabo, alhali ba wata shaida cewa an taɓa cutarsu a Richmond. Mai shari'a Thurgood Marshall, baƙar fata na fari a kotun, ya ƙi yarda. Ya tuna musu cewa birnin nan shi ne hedkwatar jihohin da suka yi yaƙi don a ci gaba da bauta, ya ga tarihinsa ya ishi kowa hujja. Ga mutum biyu, kowannensu ya ɗanɗana wariya, kowannensu na neman gaskiya, suka rabu. Wannan ya isa ya hana kowa gaggawar zagin wanda ya saɓa masa cikin wannan magana.

Akwai kuma cuta ta uku, wadda ɓangarorin biyu suka haɗu a kan ƙinta, ita ce ƙarya. Mai kuɗi ya kan rubuta sunan matarsa ko na yaronsa baƙar fata a takarda, ya ce shi ne mai kamfani, alhali wanda aka rubuta bai san ko inda littafin kuɗi ya ke ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A birnin New York an yi wani kamfani, Wedtech, wanda ya sami kwangilar soja ta miliyoyin dala da sunan marasa rinjaye. Da mallakarsa ta fita daga hannun mai wannan suna, sai aka shirya takardun yaudara, aka haɗa da cin hanci, don kada rabon ya kuɓuce. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kamfanin ya rushe cikin 1986, aka ɗaure mutane, har da ɗan Majalisa Mario Biaggi. Mai irin wannan hali ya yi sata sau biyu. Ya saci rabon wanda aka yi tanadin dominsa, sa'an nan ya saci mutuncin masu takardar gaskiya, gama daga ranar kowa zai dube su da zato.

In aka auna waɗannan duka, za a ga cewa gyaran zalunci wajibi ne, domin wanda ya ɗaure mutum bai fita hakkinsa ba don ya kwance igiya kawai. Sai dai gyaran ba ya zama adalci sai da sharaɗi uku. Na fari, takardar ta faɗi gaskiya game da mai kamfani. Na biyu, ta faɗi gaskiya game da cutar da aka yi, don kada ɗan attajiri ya ci rabon matalauci saboda launinsu ɗaya. Wajen nan aka karkata cikin 2023, sa'ad da wata kotu a jihar Tennessee ta hana Hukumar Ƙananan Sana'o'i ɗauka cewa launin mutum kaɗai ya tabbatar an tauye shi, aka koma kowa ya rubuta abin da ya same shi da kansa. Cikin 2025 Ma'aikatar Sufuri ma ta bi wannan hanya. Waɗansu sun yaba, waɗansu sun ce an ɗora wa wanda aka cuta nauyin tona ciwonsa gaban baƙo, maganarsu kuwa tana da nauyi. Na uku, taimakon ya zama yana da iyaka. Shi ya sa babban shirin wannan Hukuma ya ke ƙarewa bayan shekara 9, kamfani ya fita ya yi takara da kowa, ya bar wa na baya wuri.

Takarda tana iya kai mutum gaban mai ba da aiki, amma ba ta iya riƙe gada in ruwa ya zo. Wanda ya karɓe ta ya ɗauki amana, gama in ya yi aiki mai kyau ya share wa 'yan'uwansa hanya, in ya yi ha'inci ya toshe musu. Ma'aikacin da ke sa mata hatimi shi ma amana ce a wuyansa, domin bayan kowace takarda da ya bayar akwai wani mutum da zai koma gida bai sami aikin ba. Hakkin wannan mutum ne a tabbata cewa ba ƙarya ce ta kayar da shi ba.