Kunya da Amanar Wanda Aka Ɗora wa Aiki

Bara, kafin damina, ƴan fadarmu suka yanke shawarar gyara rufin wata makarantar allo a unguwarmu. Aka tara kuɗi gida-gida, aka ce ni zan riƙe aikin, wai don ni ne mai karatu a jami'a. Har suna tsokanata da shef de proje, ni kuwa ina ta washe baki. A mako na uku na zauna da littafin lissafi na ga abin da ya rage ba zai sayi sauran kwano ba, balle ya biya kafinta. Na rufe littafin. Da dare ana shan shayi aka tambaye ni yaya aiki, na ce lafiya lau.

Wannan "lafiya lau" ita ce ta sa na ɗauki biro yau. Tambayata ita ce: wanda aka ɗora wa aiki, mene ne ainihin abin da aka ba shi amana? Kuɗin ne, ko ginin, ko kuwa labarin halin da aikin yake ciki?

A aji an koya mana cewa kowane aiki yana zaune kan abu uku: lokaci, kuɗi, da girman abin da ake son yi. Ni ina ganinsu kamar duwatsun murhu. Ka janye ɗaya, tukunya ta karkata. In kana son a gama da wuri, ko ka ƙara kuɗi ko ka rage aikin. Shugaban aiki ba shi ke kwaɓa siminti ba, ba shi ke hawa tsani ba. Nasa shi ne ya raba aiki kashi-kashi, ya san wanne ke jiran wanne, ya san wa zai yi me, ya hango matsala tun tana nesa. Duk wannan ana iya koyonsa a takarda, kuma na ci jarrabawarsa. Abin da ba a koya mana ba shi ne yadda za ka buɗe baki gaban wanda ya girme ka ka ce: Baba, lissafina bai fita ba.

Mu Hausawa an rene mu da kunya, kuma ba na cikin masu raina ta. Kunya ce ke hana yaro katse maganar babba, ita ke sa a rufa wa maƙwabci asiri. Amma ka lura, a wurin aiki kunya takan sa rigar ladabi alhali tsoro ne a ciki. Ni dai ba don girmama dattawa na yi shiru ba. Tsoro nake kar a ce ɗan jami'a ya kasa lissafin kwano. Mutuncina nake karewa da kuɗin jama'a.

Kullum na bi ta Birni ina kallon abin da ya rage na ganuwar da Sarki Tanimu ya sa aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, sai in tuna da wanda ba a ambaton sunansa, wato wanda ya tsaya kan magina. Shi ya san yawan ƙasar da za a haƙa, da ruwan da za a kwaɓa ta a garin da ruwa ya daɗe yana wahala (har ma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar lokacin da Faransawa suka mayar da babban birni Yamai a 1926). Tanimu sarki ne mai igwa, ba a yi masa musu. To in wannan mutumin ya ga aiki ba zai ƙare ranar da sarki ya sa ba, me zai ce? In ya faɗa, wuyansa. In ya yi shiru, nauyin ya sauka kan bayi da talakawan da ke ɗaukar ƙasa a ka. Ganuwa dai ta tashi, muna alfahari da ita. Sai dai idan shugaban aiki ya ɓoye gaskiya ga na sama, ba ɓacewa take yi ba, na ƙasa ne ke biyanta da jikinsa.

Wani zai ce, kai malam, ai wani lokaci shirun shi ke ceton aiki. Na san wannan hujjar, don da ita na yi ta lallashin kaina. In ka ce kuɗi sun kasa, masu bayarwa su karaya, magini ya tattara kayansa, ƴan gulma su samu abin yi. Gara ka daure, wataƙila Allah ya kawo wani mai hali. Akwai gaskiya a ciki: shugaban aiki ba mai shela ba ne, ba kowace ƴar tangarɗa ake kai wa taro ba, kuma riƙe ƙwarin gwiwar mutane na cikin aikinsa. Amma akwai bambanci tsakanin matsalar da kai za ka iya warwarewa da wadda sai masu aikin sun yanke shawara a kanta. Ta biyun ba taka ba ce. Da na faɗa a mako na uku, da jama'a suna da zaɓi: a rufe ɗaki ɗaya a bar ɗaya, ko a sake zagayawa neman taimako, ko a ɗage. Shiruna ya ƙwace musu wannan zaɓin ba tare da sun sani ba.

Manyan ayyuka ma ba su tsira ba. Madatsar ruwa ta Kandaji an aza tubalinta a 2008, aka soke kwangilar kamfanin Rasha a 2013, aka sake tayar da aikin a 2019 da kamfanin ƙasar Sin. A nan gida mun ga Zinder Sabuwa, yadda aka yi ta tsere da ranar 18 ga Disamba 2018, ranar da ba ta matsawa ko da taku ɗaya. Duk inda aka kafa rana irin wannan, akwai wani a tsakiya da ke riƙe da lissafi na gaske, kuma kullum yana zaɓa tsakanin faranta wa na sama rai da faɗa masa abin da ba ya son ji.

Ni ruwa ne ya tona ni. Hadarin farko ya same mu rabin rufi a buɗe, tabarmi da alluna suka jiƙe, yara suka kwana a zauren maƙwabta. Da safe na ɗauki littafin na je wurin malamin makarantar na durƙusa. Ya duba shafukan a hankali, bai sami ko dala da ta ɓace ba. Sai ya ɗago ya ce, "Ɗana, tun yaushe ka sani?" Na ce kwana ashirin ke nan. Ya yi shiru, ya miƙo mini littafin, ya ce bayan la'asar in zo in karanta shi da bakina gaban waɗanda suka ba da kuɗinsu.