Daɗin Baki da Takardar Bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomi yakan ci bashin taki, uba yakan ci na kuɗin makaranta, kuma babu abin kunya a nan. Tambayarmu ita ce: mutum zai iya faɗin gaskiya, duk da haka ya yaudari maƙwabcinsa?

Ga misali. Ma'aikacin banki ya ce, "Ruwan kashi 5 cikin ɗari ne kacal a wata." Bai yi ƙarya ba. Amma a kan naira 100,000, wannan ya kama naira 60,000 a shekara, ban da tarar jinkiri da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe cikin Turancin lauyoyi. Saboda irin wannan ne Amurka ta kafa doka a 1968, wadda ta tilasta wa masu ba da rance su bayyana ruwan shekara a fili.

Ekklesiya tana koya mana cewa doka ta takwas ta hana karkatar da gaskiya. Wanda ya nuna zuma ya ɓoye maɗaci ya karkatar da ita, ko da kowace kalmarsa daidai ce. Gwauruwar da ta jinginar da gonarta ba ta fahimta ba, hannu ta sa, ba yarda ta yi ba.

Saboda haka, ma'aikatan banki da ke cikinmu su bayyana sharuɗɗa cikin harshen da mai rance yake ji. Mu masu karɓa kuwa, mu tambayi jimlar abin da za mu biya, mu nemi amintacce ya karanta mana, in mun ci kuma mu biya.

Ubangiji ya tsarkake harsunanmu. Amin.