Ƙaramar Lamba Marar Suna

A Ingila akwai mutanen da suka mai da tara lambobin yabon soja sha'awar rayuwarsu, a cikinsu kuma akwai 'yan ƙalilan da ba ruwansu da manyan lambobi, ƙanana kawai suke nema. Lambar da gwamnati ke ba soja bayan an dawo daga yaƙi, faɗinta yakan kai milimita 36. Ƙaramar kuwa kamar rabin haka ce, ba ta fi maɓallin riga ba. Amma duk abin da ke jikin babbar yana jikinta: kan sarki a gaba, zane a baya, ƙyallen da take rataye a jiki da launukansa, har da 'yar sandar azurfa da aka rubuta sunan fagen daga a kai.

Ba gwamnati ke bayar da ƙaramar ba. Hafsa ne da kansa ke zuwa wurin telan soja, ko wurin maƙeran farfaru irin su kamfanin Spink na Landan, ya saya da kuɗin aljihunsa, don ya maƙala a ƙirjin kwat idan za a je liyafar dare, saboda manyan sun yi wa irin wannan tufa nauyi. Ana jera su a kan fil ɗaya bisa tsari: ta jarumta a gaba, sannan na yaƙe-yaƙe bi da bi, yadda aka gwabza su. Wanda ya iya karatunsu, da ya dubi ƙirjin tsohon hafsa zai gaya maka inda da inda ya taka, ba tare da ya tambaye shi komai ba.

Ga abin lura a nan. Manyan lambobin yaƙin zamanin da, an buga sunan mai su a gefe, da muƙaminsa da rundunarsa. Ƙananan kuwa galibi ba suna a jikinsu, tun da a kanti aka saye su, kuma kowa zai iya saye. Don haka mai tara su ba azurfar yake nema ba, salsala yake nema. Zai tambayi akwatin da suka zo a ciki, ko akwai sunan telan a murfinsa. Zai nemi wasiƙar iyali, da hoton mutumin sanye da su, da takardar da aka ba shi muƙami. Zai duba ko jerin ya yi daidai da abin da littafin rundunar ya ce an ba shi. Idan ba waɗannan, 'yan kuɗi kaɗan ake sayar da jerin a gwanjo. Idan kuwa takardu suka tabbatar da cewa wane ne ya sa su a ƙirjinsa, sai farashi ya tashi, gidajen gwanjo irin su Noonans su buga tarihin mutumin shafi guda a kundinsu. Ƙarfen bai canja ba. Labarin da aka adana tare da shi ne ya ba shi daraja.

A cikin waɗannan lambobi akwai wadda ta shafe mu kai tsaye. A 1902, zamanin Sarki Edward na Bakwai, aka ƙirƙiro lambar hidimar soja a Afirka. Ƙyallenta rawaya ne, gefe da gefe baƙi, da siraran layuka kore guda biyu. Ɗaya daga cikin sandunan da ake maƙala mata an rubuta "N. Nigeria 1903". A kan ƙaramar, sai mutum ya kanne ido kafin ya karanta rubutun. To, me ke ƙarƙashin wannan ɗan rubutu? Rundunar Kanar Morland ce da ta taso daga Zariya ranar 29 ga Janairu, ta bi ta Bebeji, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Faɗuwar Sakkwato ce ranar 15 ga Maris. Burmi ce ranar 27 ga Yuli, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya tare da ɗimbin jama'ar da suka bi shi hijira zuwa gabas. Wata shida na zubar da jini da rushewar daula, duk an dunƙule su a kan ɗan ƙarfen da ake sawa a je cin abincin dare.

Ɗauki hafsa ɗaya, Laftanar Wallace Wright. A ƙarshen Fabrairun 1903 ya yi karo da mayaƙan Kano a Kwatarkwashi, cikin Zamfara ta yau, suna dawowa daga Sakkwato inda suka raka Sarki Alu. Takardar yabon da Turawa suka rubuta masa ta ce shi da hafsa ɗaya da sojoji 44 ne suka tare mahaya 1,000 da dakarun ƙasa 2,000 har tsawon awa biyu. A nan Waziri Ahmadu ya faɗi, wanda Kanawa ke kira Mai Shahada. An ba Wright lambar Victoria Cross, wadda babu ta sama da ita wajen jarumta a sojan Birtaniya. Ya kai muƙamin birgediya janar, ya shiga majalisar dokokinsu a 1928, ya rasu a 1953. Duk wannan a rubuce yake, kowa zai iya bincika.

Sojojin nan 44 fa? 'Yan ƙasa ne, na rundunar Arewacin Najeriya. Irinsu ma an ba su babbar lambar, da lambar aikinsu da sunansu a gefe, sau da yawa sunan yanka haɗe da sunan gari, yadda ake rubuta soja a lokacin. Ba su da kwat ɗin liyafa, don haka ba su da ƙarama. Waɗanda suka fuskance su da takobi da mashi kuwa ba wanda ya ƙera musu komai. Manyansu mun riƙe sunayensu. Sauran, sai abin da ya rage a bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna ta tafiya.

Ba na sha'awar abin da wannan lamba ke yabo. Mamaya ce, kuma kakanninmu ne aka mamaye. Amma ba zan iya kushe ɗabi'ar mutumin da ya ƙi yarda abu ya rabu da labarinsa ba, wanda zai shafe shekaru yana bin takardu don ya tabbatar da ƙirjin da ɗan ƙarfe ya taɓa hawa. Wannan haƙuri ne ya sa jikan hafsan ya san ranar da kakansa ya isa Kano, jikan wanda aka harba a bakin ganuwa kuwa bai san ko sunan ƙofar ba.

Kuma maganar ba ta tsaya a 1903 ba. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban samarinmu sun tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi da Japanawa a dazukan Arakan da kwarin Kaladan. Sun dawo da lambar tauraron Bama, mai ƙyalle ja a tsakiya. Taurarin wannan yaƙi, Birtaniya ta raba su ne ba suna a jiki. Wato matsalarsu ɗaya da ƙananan lambobin hafsoshi: ranar da wanda ya san mai ita ya rasu, ta koma ƙarfe kawai. Da yawa suna nan a ƙasan adaka ko cikin tsohon gwangwani, ƙyallen ya koɗe, yara na wasa da su, wasu ma sun bi masu sayen tsofaffin ƙarafa.

Idan akwai irin wannan a gidanku, kada ka goge ta da toka don ta yi ƙyalli, kada kuma ka cire tsohon ƙyallen. Je wurin mafi tsufa a gidan tun yana da rai, ka tambaye shi sunan mai ita, da garin da aka ɗauke shi soja, da inda ya je, da abin da yake faɗa idan ya tuna. Rubuta a takarda, ka haɗa da littafin sallamarsa da hotonsa in akwai, ka ajiye su wuri ɗaya. Ka ɗauki hotonsu duka da wayarka, ka aika wa 'yan'uwa. In da hali, ka kai kwafi Gidan Arewa da ke Kaduna ko Gidan Makama a Kano.