ƘUSA A JIKIN DUTSE, TURKE A JIKIN KUKA: WA YA BA KA IZINI?



Akwai gardamar da masu wasan hawan duwatsu suka shekara fiye da 50 suna yi. Mai hawa yakan huda dutse da inji, ya kafa ƙusar ƙarfe, ya ɗaura igiyarsa, don ko ƙafarsa ta zame kada ya kai ƙasa. Akwai kuma masu miƙa igiya tsakanin tsauni biyu su taka ta har su ƙetare, su ma sukan kafa ƙusoshi a kowane ɓangare. Ɓangare ɗaya na cewa rai ya fi dutse, a kafa ko nawa ne. Ɗayan na cewa ramin da aka huda ba ya cikewa, kuma dutsen ba gadon gidan kowa ba ne.

Labarin da ya fi shahara shi ne na tsaunin Cerro Torre, a kan iyakar Ajantina da Chile. A shekarar 1970 wani ɗan Italiya, Cesare Maestri, ya ja injin huda dutse mai aiki da fetur ya hau da shi, ya kafa ƙusoshi kusan 400. Da ya gama, sai ya bar injin a rataye can kusa da ƙoli. A Janairun 2012 wasu samari biyu, Hayden Kennedy ɗan Amurka da Jason Kruk ɗan Kanada, suka hau tsaunin, a hanyar saukowa suka tumɓuke ƙusoshi kusan 120. Da suka iso garin El Chaltén mutane suka yi musu ca, har 'yan sanda suka tsare su na ɗan lokaci. Wasu suka ce sun wanke wa tsauni datti, wasu suka ce sun goge tarihi ba da shawarar kowa ba.

Za ka ce, to mu da ke Tambuwal da Kebbe ina ruwanmu da wasan Turawa? Ai muna da irin tamu. Je ka dubi tsofaffin kukoki a bayan gari. Za ka ga inda aka sassara matakai ko aka kafa 'yan turaku don a hau a ciro ganyen miya ko 'ya'ya. Za ka ga inda aka ɓare ɓawo don tufkar igiya. Dubi gawo da rani, lokacin da yake cike da ganye sauran itatuwa sun kaɗe, yadda ake sare rassansa a ba dabbobi. Kowane mai sara yana da uzurinsa, kuma uzurin gaskiya ne: ga tsoron faɗowa, ga miyar gida, ga shanu na jin yunwa.

Saboda haka duk wanda ya ce kada a taɓa komai, bai san halin da talaka ke ciki ba. Kare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don kiyayewa. Mai hawa kuka da ya kafa turke don kada ya karye bai yi laifi ba. Mai tafiya a kan igiya da ya ƙara ƙusa ta biyu don ta farko tana iya cirewa, hankali ya yi.

Amma malaman fiƙihu da suka ce larura tana halatta abin da aka hana, su ne dai suka ce ana auna larura gwargwadonta. A nan ne mutane ke zamewa. Turke biyar sun isa a hau, sai ka zo ka kafa naka biyar a gefe, don ba ka son bin na wani. Reshe biyu sun ishi garkenka na yau, sai ka aske gawon gaba ɗaya don kada na bayanka ya riga ka gobe. Haka masu igiya: akwai ƙusoshi masu kyau a wurin, amma mutum yana son sabon layi taku kaɗan daga na farko, don hotonsa ya fi na kowa. Wannan ya tashi daga larura ya koma son rai. Ko a Arfa ana ganin 'yan uwanmu suna rubuta sunayensu a jikin Dutsen Rahama. Wace larura ce ta sa hakan?

Abin lura shi ne, kowa ɗan kaɗan yake yi. Ba wanda ya kashe kuka shi kaɗai. Amma wannan ya sara, wancan ya sara, rannan sai a wayi gari iccen da kakanni suka sha inuwarsa ya bushe, kuma ba a san wa za a kama ba. Wanda ya fi cutuwa shi ne yaron da ba a haifa ba tukuna, wanda ba ya nan balle a nemi izininsa. Alamar da ba ta gogewa hukunci ce da ka yanke wa na baya.

To su samarin da suka cire ƙusoshin fa, sun yi daidai? Manufarsu tana da kyau, amma wata ƙa'idar ta ce ba a gusar da cuta da irinta. Maestri ya yanke hukunci shi kaɗai a kan abin jama'a, su ma haka suka yi. Wanda ya ga an wuce gona da iri a kukar gari, ya tafi da dare ya zare turaku, gobe wani ya hau da saninsa na jiya ya faɗo, alhakin yana wuyan wa? Gyaran abin jama'a a gaban jama'a ake yinsa. Akwai mai unguwa, akwai hakimi, akwai malaman daji, akwai Ardo. A zauna a yi magana, a sa iyaka, kowa ya ji.

Kafin ka ɗaga gatari a kan abin da ba naka kai kaɗai ba, tambayi kanka: in ban yi ba, rai ko abinci zai salwanta, ko dai wahala kawai nake gudu? Babu abin da wani ya riga ya kafa da zai ishe ni? In duk mutanen gari suka yi yadda zan yi, me zai rage? In amsar ta ba ka kunya, ajiye gatarin.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar ƙasar da Ya ɗora mu a kanta, Ya sa na bayanmu su same ta da sauran albarka. Wallahu a'alam.